Na Gyara Kod Amma Ba Abin Da Ya Canja: Hira Kan Maigadin Fayil

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda datarsu ba za ta ɗauki murya ba, da waɗanda suka fi gane karatu a kan sauraro.

Hirarmu ta yau ta masu koyon rubuta manhaja ce. Amma ko ba ka taɓa rubuta layin kod ko ɗaya ba, zauna, ba za ka tashi hannu rabbana ba. Zan yi magana ne a kan yadda za ka sa manhajar da kake ginawa ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta duk sanda ka canja wani abu a cikin kod ɗinka. Wannan ɗan abin ya rage mini wahala ba kaɗan ba, kuma shi ɗin dai ya taɓa kusan ja mini asarar aiki da zubewar mutunci a nan unguwarmu, Gyadi-Gyadi. Duka biyun zan ba ku labari.

Bari in fara da ƙanena. Yaron nan ya fara koyon Node.js, wato abin da ake amfani da shi a rubuta saba da yaren JavaScript. Wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai ga shi a bakin ɗakina da laftof a hannu, ido ya yi ja. Ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, kwamfutar nan ta haukace."

Na ce, "Me ta yi maka?"

Ya ce yana rubuta lissafin rangwame ne. Kaya na naira dubu 10, a cire kashi 5 cikin ɗari, ya kamata a ga 9,500, ita kuma 5,000 take nuna masa. Ya gano kuskuren, ya gyara, ya yi sebin, ya koma burauza ya sabunta shafi, 5,000 tana nan daram. Ya sake canja lissafin, haka. Ya goge ya sake rubutawa, haka. Sama da awa guda yana wannan fama, har gyaran farko da ya yi daidai ya ɓata shi da hannunsa.

Na ce, "Tun da ka fara gyaran nan, ka kashe sabar ka sake kunna ta?"

Ya yi shiru. Na karɓi laftof ɗin, na mayar da gyaransa na farko, na shiga taminal, wato baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na danna Ctrl da C, na sake rubuta node app.js. Sai ga 9,500. Ya dafe kai ya ce, "Wallahi Yaya tun ɗazu na yi daidai kenan?" Na ce tun ɗazu.

To me ya faru a nan? Ku saurara, don duk sauran bayanin a kan wannan yake tsaye.

Ka ɗauka ka rubuta jerin cefane a takarda, ka kira yaro ya karanta, ya haddace, ya ajiye maka takardarka ya kama hanyar kasuwar Tarauni. Bayan ya fita sai ka tuna ba tumatirin dubu ɗaya kake so ba, na dubu biyu ne. Ka ɗauki biro ka gyara a takarda. Yaron ya sani? Ina fa. Abin da ya haddace kafin ya fita shi yake ɗauke da shi a kai. Ko sau goma ka gyara takardar, na dubu ɗaya zai kawo maka.

Haka Node.js yake. Lokacin da ka rubuta node app.js, sai ya buɗe fayilolin kod ɗinka ya karanta, ya loda su a ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ya ci gaba da aiki da abin da ya loda. Fayil ɗin da kake gyarawa yana kan faifan ajiya, abin da ke gudana kuma yana ram. Wuri biyu ne daban. Sai an kira yaron ya dawo gida ya sake karanta takarda, wato sai an kashe manhajar an sake kunna ta.

Abin da ke ƙara rikita mai koyo shi ne wasu canje-canjen suna fitowa nan take. Ka canja launi a fayil ɗin CSS, ka sabunta shafi, ka ga launi ya canja, domin irin waɗannan fayilolin sabar takan ɗauko su daga faifai ne duk sanda aka nema. Sai ka zaci komai ma haka yake. Sannan da yawanmu a Kano da PHP da XAMPP muka fara, kuma shi PHP a yadda aka saba amfani da shi, kowace buƙata ta zo daga burauza sabon aike ne, sabon yaro ne ke duba takardar a lokacin. Wanda ya taso a haka in ya koma Node.js ko Python sai ya ci karo da bango. In kiɗa ya canja, dole rawa ma ta canja.

Za ka ce to ai ba wani abu ba ne, in na gyara sai in kashe in kunna da hannu. Haka ne. Amma mu yi lissafi. Ka ce kana sebin sau 100 a yini, kuma kowane kashewa da kunnawa yana cin daƙiƙa 10: ka bar inda kake rubutu, ka nemo taminal, ka danna, ka dawo. Daƙiƙa 1,000 kenan, kusan minti 17 a kullum. Ga wanda yake aiki da batirin laftof bayan an ɗauke wuta, minti 17 ba abin wasa ba ne. Kuma ni ba ma lokacin ne ya fi damuna ba. Hankali ne yake katsewa. Kana riƙe da zaren tunani, ka sake shi ka je kunna saba, ka dawo ka manta inda kake. Ranar da ka manta ba ka kunna ba kuwa, ka zama ƙanena.

Shi ya sa aka ƙirƙiro abin da ni nake kira maigadin fayil. Wata 'yar manhaja ce da aikinta uku ne kacal: ta kunna manhajarka, ta zuba ido a kan fayilolinka, da ta ga ɗaya ya canja ta kashe manhajar ta sake kunna ta.

A duniyar Node.js wadda ta fi shahara ita ce nodemon. Wani ɗan Ingila mazaunin garin Brighton mai suna Remy Sharp ne ya fito da ita a 2010, shekara ɗaya bayan Ryan Dahl ya gabatar da Node.js a 2009. Kyauta ce, kuma kod ɗinta a buɗe yake ga kowa. Saka ta ba wuya. A cikin foldar aikinka ka rubuta:

npm install --save-dev nodemon

Ku riƙe wannan --save-dev ɗin, zan dawo kansa. Ma'anarsa wannan kayan aikin lokacin gini ne kawai. Daga nan maimakon node app.js sai ka rubuta:

npx nodemon app.js

Shi kenan. Ka gyara, ka yi sebin, ka ga taminal ya motsa da kansa, sabar ta tashi da sabon kod. In ka yi kuskuren da ya sa manhajar ta faɗi, nodemon ba za ta fita ba, za ta nuna maka kuskuren ta zauna tana jiran ka gyara ka sake sebin. In kuma kana so ta sake kunnawa ba tare da ka canja komai ba, ka rubuta rs a taminal ɗin ka danna Enter.

Wani abin daɗi, yanzu Node.js da kansa ya zo da nasa maigadin. An fara saka shi a matsayin gwaji a fitowa ta 18.11 a watan Oktoban 2022, ya zama tabbatacce a fitowa ta 22 a 2024. Ba sai ka sauke komai ba, ba sai ka ƙona data ba:

node --watch app.js

Yanzu tambayar da na fi so. Ta yaya maigadin nan yake sanin fayil ya canja? Hanya biyu ce.

Ku ɗauki kasuwar waya ta Farm Centre da daddare, an rufe shaguna. Maigadi na farko ba ya zama. Yana zagaye, shago bayan shago, yana jijjiga kowane kwaɗo, in ya kai ƙarshe ya sake farowa. Haka hanya ta farko take: manhajar tana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana duba lokacin da aka taɓa kowanne na ƙarshe, in ta ga lokacin ya bambanta da wanda ta riƙe, ta san an canja. Wannan hanyar tana aiki a ko'ina, amma tana gajiyar da kwamfuta. In fayilolin suna da yawa za ka ji fanka tana kuka, laftof ta yi zafi, batir yana zuba.

Maigadi na biyu yana zaune a benci. An ɗaura ƙararrawa a kowace ƙofa, da an taɓa ƙofa zai ji ƙara. Wannan ita ce hanya ta biyu: babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ita ce ke sanar da maigadi cewa an taɓa fayil kaza. A Linux sunan wannan tsarin inotify, ya shigo tun 2005. A kwamfutocin Apple akwai FSEvents tun 2007. Windows ma yana da nasa, ReadDirectoryChangesW. Tun da kowanne da irin yarensa, nodemon ba ta magana da su kai tsaye, tana bi ta wani kunshin kod ne mai suna chokidar wanda Paul Miller ya rubuta. Masu kallon fina-finan Indiya, kun ji kalmar ko? Da Indiyanci ma'anarta maigadi. Kun ga sunan da na raɗa ba daga sama na ɗauko shi ba.

Sanin hanyoyin nan biyu zai fitar da kai daga matsala biyu da ke yawan kama mutane. Ta farko, kana aiki a Windows amma kana gudanar da manhajar a cikin WSL 2 ko Docker, fayilolin kuma suna ɓangaren Windows. Ka yi sebin, shiru, ba abin da ya motsa. Dalili shi ne ƙarar ƙararrawar ba ta tsallaka katanga daga wannan ɓangaren zuwa wancan. Mafita, ko ka mayar da aikin cikin ɓangaren Linux, wanda shi ya fi, ko ka ce wa nodemon ta koma zagaye ta hanyar ƙara -L a umarnin. Ta biyu, a Linux akwai iyakar ƙararrawar da mutum ɗaya zai iya ɗaurawa, a tsofaffin fitowa da yawa 8,192 ce. In ka wuce sai ka ga kuskure mai suna ENOSPC. Sunan yana kama da faifanka ya cika, har wani ya fara goge hotunan biki. Ba faifai ba ne, ƙararrawa ce ta ƙare. Ka rage foldojin da ake gadi, ko ka ɗaga iyakar a saitin fs.inotify.max_user_watches.

Kada masu sauran yaruka su ce na manta da su. In Django kake yi, python manage.py runserver da maigadinsa yake zuwa, yana zagaye duk daƙiƙa ɗaya, kuma tun fitowa ta 2.2 a 2019 yana iya aiki da Watchman na kamfanin Facebook don ya bar zagaye ya koma jin ƙararrawa. In Flask ne, flask run --debug. In FastAPI ne, ka ƙara --reload a umarnin uvicorn. Masu Java da Spring Boot suna da DevTools tun 2015. Masu C# suna da dotnet watch. Masu Go da yawa suna amfani da air. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Akwai kuma wani ɗan'uwan wannan abin da ake yawan haɗa su, alhali ba ɗaya ba ne. Mu koma wajen yaron cefane. Sake kunnawa shi ne ka kira shi ya dawo gida, ya zubar da duk abin da ya riga ya saya, ya karanta sabuwar takarda, ya koma kasuwa daga farko. Ɗayan kuma shi ne ka buga masa waya yana tsakiyar kasuwa ka ce, "Tumatirin nan ka ƙaro na dubu ɗaya." Albasa da attaruhun da ya saya suna hannunsa, bai dawo ba. Wannan na biyun shi ne sauyin kod ana cikin gudu. Masu Flutter sun san shi: ƙaramin r a taminal yana shigar da sabon kod ba tare da ka bar shafin da kake ba, babban R kuma yana farowa daga tushe. A ɓangaren shafukan intanet, Vite da Evan You ya fitar a 2020 yana yin irin wannan, ka canja rubutun maɓalli ka gan shi a burauza alhali abin da ka cike a fom yana nan. Ya fi sauri, amma wani lokaci tsohon abu yakan maƙale ya haɗu da sabo, ka ga abin da ba ka gane ba. In ka ga haka kar ka tsaya gardama da kwamfuta, sake kunnawa gaba ɗaya.

Abin da nake so ku riƙe daga misalin nan shi ne: duk sanda aka sake kunna manhaja, duk abin da ke ram ya tafi. Wannan jimlar ce ban ɗauka da muhimmanci ba, har ta koya mini hankali. Ga labari na biyu.

Wanda ya san Gyadi-Gyadi ya san yadda shagunan magani suke a kewayen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kan titin Zariya. Masu jinya suna fitowa da takardar likita a hannu, dare da rana. Wani Alhaji mai irin wannan shagon, abokin mahaifinmu ne, ya ba ni aikin rubuta masa 'yar manhajar ciniki: yaran shago biyu, kowa da kwamfutarsa, su riƙa shigar da abin da suka sayar, shi kuma ya ga lissafi da yamma. Aikina na farko kenan da aka biya ni kuɗi.

Na yi kuskure uku a jere, a lokacin ko ɗaya ban gani ba. Na farko, don in huta da kafa rumbun bayanai, sai na sa manhajar tana rubuta duk ciniki a wani fayil na JSON da ke cikin foldar aikin. Na biyu, shaidar cewa yaron shago ya shiga da kalmar sirrinsa, da jerin magungunan da yake tarawa kafin ya karɓi kuɗi, duk a ram na bar su. Na uku, ranar da na kai aikin shago, da nodemon na kunna shi, don da ita na saba, har ina ganin dabara ce.

Abin da ban lura ba, nodemon ba fayilolin JavaScript kaɗai take gadi ba. In ba ka ce mata komai ba, har da na JSON take kallo. To ku haɗa lissafin da kanku. Yaro ya sayar da magani, manhaja ta rubuta a fayil ɗin JSON. Maigadi ya ji ƙararrawa, ya zaci ni ne na gyara kod, ya kashe manhajar ya kunna. Ram ta goge. Yaran biyu duka an fitar da su, sai sun sake saka kalmar sirri. In na biyun yana tsakiyar tara wa wani magani takwas, jerin ya ɓace, sai ya faro daga farko. A gida ban taɓa ganin haka ba, saboda ni kaɗai nake gwadawa, kuma na kashe matakin kalmar sirri don kar ya dame ni.

Kwana biyu yaran suna haƙuri, sun ɗauka haka manhaja take. A rana ta uku bayan magariba wayata ta yi ƙara. Alhaji ne. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai yaro, kana ina? Zo ka ga abin da na'urarka take mana."

Na hau adaidaita sahu na isa. Shago cike, wani bawan Allah yana tsaye da takarda yana cewa mahaifiyarsa tana kwance ana jiran allurar nan. Yaran sun ture kwamfuta gefe sun koma biro da littafi. Na duba taminal, manhajar ta faɗi ta ƙi tashi. Abin da ya faru, ciniki biyu sun zo kusan lokaci ɗaya. Na farko ya sa maigadi ya kashe manhajar daidai lokacin da take rubuta na biyu, fayil ɗin ya yanke a tsakiya. Da ta zo tashi ta kasa karanta shi. Wani ɓangare na lissafin ya tafi.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne, ba na yaran ba." Don na ji ya fara yi musu faɗa.

Ya dube ni ya ce, "Da ba don mahaifinka ba, da yau ka kwashe kayanka. Allah Ya taimake ka ban yar da littafina ba."

Littafin nan da kwafin rasit su suka cece mu. Muka zauna da babban yaron shagon har wajen sha biyun dare muna mayar da lissafi. Gyaran ainihin matsalar kuwa, da na gano ta, bai ci minti biyar ba. Washegari na kwashe bayanan zuwa SQLite, na mayar da shaidar shiga can ita ma, na cire nodemon daga kwamfutar shagon. Har yau manhajar tana aiki, kuma har yau in na je gaishe shi sai ya ce, "Injiniya, ya maigadinka?"

Ga abin da na koya, na ba ku kyauta, ni da tsada na saya.

Na ɗaya, maigadin fayil kayan cikin gida ne, ba ya bin manhaja zuwa wajen masu amfani da ita. Ma'anar --save-dev ɗin nan kenan. A fayil ɗin package.json ka raba umarni biyu: dev ya kunna da nodemon, start ya kunna da node zalla. In abin da kake so shi ne manhajar ta tashi da kanta in ta faɗi ko in wuta ta dawo, wannan aikin wasu ne daban, irin su PM2 ko systemd. Su lafiyar manhajar suke gadi, ba canjin kod ba.

Kuma wannan ba maganar ƙaramin shago kaɗai ba ce. A Flask, --debug ba maigadi kawai yake kunnawa ba, yana buɗe wani shafin binciken kuskure da ake iya rubuta umarni a cikinsa sabar ta aiwatar. A 2015 an kutsa kamfanin Patreon na Amurka ta wata sabar gwaji da aka bari a buɗe ga duniya, masu binciken tsaro suka ce irin wannan shafin ne aka bari a kunne, bayanan mutane sama da miliyan 2 suka fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, ka san abin da maigadinka yake kallo. Duk fayil ɗin da manhajar da kanta take rubutawa, na bayanai ne, na tarihin aiki ne, ko hotunan da ake ɗorawa, ka fitar da shi daga idonsa:

npx nodemon --ignore data/ app.js

In ba haka ba, za ka iya faɗawa wani zagaye marar ƙarshe: manhaja ta tashi ta rubuta fayil, maigadi ya kashe ta, ta tashi ta sake rubutawa, haka har batir ya ƙare. Ita nodemon da kanta tana tsallake node_modules da .git. Shi kuwa node --watch, fayil ɗin farko da waɗanda kod ɗinka ya jawo kawai yake kallo. In kuma akwai irin fayil ɗin da kake so a kalla ba a kallo, ka faɗa mata da -e, misali -e js,ejs.

Na uku, ka duba abin da manhajarka take yi a daidai lokacin tashi. In ka rubuta cewa da ta tashi ta tura saƙon tes ga kwastomomi, ko ta kira wata hidima da ake biya, to duk sebin ɗaya kuɗi ne ya fita. A Django da Flask ma abin ya fi haka, domin maigadinsu yana raba aikin gida biyu, uwa mai sake kunnawa da ɗa mai aiki, don haka wani kod ɗin farawa yakan gudana sau biyu.

Na huɗu, in ka kunna sebin na kai tsaye a VS Code, yana adanawa ne bayan ka dakata da rubutu na daƙiƙa ɗaya. Kana tsakiyar layi ka tsaya tunani, ya adana, maigadi ya kunna rabin kod, allo ya cika da ja. Ko ka kashe shi, ko ka ba maigadi haƙuri da --delay 2, ya jira daƙiƙa biyu kafin ya motsa.

Na biyar, in ka ga EADDRINUSE, ma'anarsa ƙofar da sabarka take son zama, misali 3000, akwai wani a ciki. Galibi tsohuwar manhajarka ce ba ta mutu ba, ko ka bar wani taminal a buɗe ka manta. Nemo ta ka kashe. Kar ka riƙa canja lamba daga 3000 zuwa 3001 zuwa 3002 kana tara gawarwaki a ram.

Na ƙarshe, wanda ni yanzu nake yi da gangan: in manhajata ba za ta jure a kashe ta a kunna a kowane lokaci ba tare da ta rasa wani abu mai muhimmanci ba, to ban gama ta ba. A garin da za a iya ɗauke wuta kana tsakiyar karɓar kuɗin kwastoma, wannan ba zaɓi ba ne. Kafin in miƙa kowane aiki yanzu, sai na shiga a matsayin mai amfani, na fara ciniki, na rubuta rs a tsakiya, in ga me ya rage me ya tafi. Da na yi wannan gwajin na minti ɗaya a wancan lokacin, da bawan Allahn nan bai tsaya jira da takardar mahaifiyarsa a hannu ba.

Aikin gida ga masu koyo: yau da daddare ka buɗe ƙaramin aikinka, ka kunna shi da node --watch ko nodemon, ka canja kalma ɗaya ka yi sebin, ka kalli taminal. Sannan ka tambayi kanka abu biyu. Waɗanne fayiloli ake gadi? Me ke ram wanda zai tafi in an sake kunnawa? In ka iya amsa su, ka wuce inda nake ranar da Alhaji ya kira ni.

Shi kuwa ƙanena, yanzu shi ke koya wa abokansa biyu a zauren gidanmu. Shekaranjiya ina wucewa na ji ɗaya yana cewa kwamfutarsa ta haukace, na ji shi ya ce masa, "Tsaya tukuna, ka kashe sabar ka kunna?" Ban ce komai ba, na wuce ciki.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa kwana yana gyaran abin da ya riga ya gyaru, ya ba mu labari, don mu san ba mu kaɗai ba ne. Ku tura wa wanda kuka san yana koyo. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.